Addu'ar Mai Burodi a Gaban Minista

Ranar Laraba aka fasa wa Auta ido. Ƙanen Mai Burodi ne, aski yake yi a bakin babban titi, kuma ko zanga-zangar tsadar rayuwar ma bai shiga ba. Yana jawo ƙofar shago zai kulle 'yan sanda suka harbo gwangwanin barkonon tsohuwa, ya same shi a fuska. Likitoci suna yajin aiki. Haka yayarsa ta yi ta yawo da shi a bayan motar kaya daga wannan asibiti zuwa wancan, kafin a sami mai duba shi idon dama ya riga ya tafi.

Da yamma ta ji Minista a rediyo yana cewa ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba, masu ihun yunwa kuma 'yan adawa ne suka saye su. Ta murɗe rediyon da ƙarfi har maɓallin ya fita a hannunta.

Ita ce shugabar mata a cocinsu. Ranar Asabar Fasto ya same ta a gidan burodi tana kwaɓi, tanda ɗaya kaɗai ke ci, sauran sun huce tun da fulawa ta gagari saye.

"Mama, gobe muna da babban baƙo," in ji shi. "Minista zai yi sujada tare da mu. Ke za ki yi addu'ar shugabanni."

"Ni, Baba? Ba ka ga Auta a gadon asibiti ba?"

"Na gan shi, har kuka na yi. Amma an umarce mu mu yi wa masu mulki addu'a, ba a ce sai na kirki ba. Kuma shi ma mai bi ne, ɗan'uwa ne."

"Ɗan'uwan wa?"

Fasto ya sunkuyar da kai, ya ce ta dai gajarta, don mutumin ya yi alkawarin taimaka wa makarantar coci.

A gida maigidanta, tsohon direba mai son zaman lafiya, ya ce, "Ki ce masu muryarki ta shaƙe mana. Ni zan ba da shaida, har tarin ma zan taya ki."

"Ƙarya a ranar Ubangiji? Zan yi masa addu'ar. Ai roƙona aka yi."

Da safe ta tarar da masu bindiga a ƙofar coci suna zazzage jakunkunan mata. Wata tsohuwa da ke zama a bencin gaba saboda ba ta ji sosai, an tashe ta an mai da ita can baya, an ajiye kujera mai laushi a wurin. Minista ya shigo ana tsakiyar waƙa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, masu ɗaukar hoto na biye. Mai Burodi ta ji zuciyarta na tafasa har cikin kunnuwanta.

Da aka kira ta, ta karɓi makirufo ta rufe ido.

"Ya Uba, kai ka ce mu yi wa shugabanni addu'a. Ga ni na zo, ba da son raina ba, ka kuwa sani. Ga bawanka Minista a gabanka. Ka buɗe masa ido, shi da yake da guda biyu. Ƙanena saura ɗaya gare shi, amma bawan nan naka ya ce ba a taɓa kowa ba."

Wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Ka sa abinci ya yi masa ɗaci a baki har sai ya tuna da matan da ke zuwa wurina sayen rabin burodi, suna raba wa yara huɗu. Ba mutuwarsa nake roƙo ba, Uba, tubarsa nake roƙo. Kai ma hukuma ce ta daki Ɗanka, mai mulki ya wanke hannu ya ce ba ruwansa. Ka san zafin nan!"

Sai aka kashe makirufon. Ba su san macen da ta saba magana a kan ƙarar injin kwaɓi ba ta bukatarsa ba. Ta ɗaga murya ta roƙa wa ƙasa sauƙi, ta roƙa wa coci kunya, ta ce a cikin sunan Yesu. Amin ɗin da ya fito daga kujerun baya sai da ya girgiza tagogi. A gaba kuwa da ƙyar aka motsa leɓe.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Minista bai ko yamutsa fuska ba. Ya miƙe yana murmushi, ya ce mama irin wannan ita ce ginshiƙin ƙasa, za a duba lamarin ƙanenta. Ya kama hannunta aka ɗauki hoto kafin ta fizge.

Ba wanda ya zo duba Auta. Dattawan coci suka sauke ta daga shugabanci, wai ta ci mutuncin baƙo a gidan Allah. Ta ce da su ai gidan Allah ɗin ba falon baƙon ba ne, ta tafi. Ba ta daina zuwa sujada ba, ba ta kuma nemi gafarar kowa ba.

Da Auta ya warke ya buɗe shago, mutane suka riƙa leƙowa suna wucewa, ba mai son ba mai ido ɗaya kansa. Mai Burodi na zaune tana taya shi jira sai ga Fasto. Ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ya hau kujera ya ce a yi masa aski.

"Baba, ido ɗaya ne fa," in ji Auta. "In kunne ya tafi kada ka kai ni gaban dattawa."

"Yi aikinka, ɗana."

Auta ya kunna injin aski, ya yi layi ɗaya a tsakiyar kan Fasto, sai aka ɗauke wuta. Su biyun suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗauko almakashi a cikin aljihun tebur ta miƙa wa ƙanenta.