Uku ga Maris

Sir Osbert Wyncoll yana tsaye a bakin garke yana yi wa raguna jawabi a kan harajin gishiri sa'ad da baƙon ya shigo ta ƙofar gona, yana jan doki, taɓo har gwiwa.

Kada wani ya ɗauka tsohon ya taɓu. Sau uku gundumarmu tana tura shi Majalisa kafin yaƙi ya raba ƙasa biyu. Shi ya bi sarki, 'yan Majalisa suka soke sunansa. Yaƙin ya cinye masa rabin gonakinsa, daga baya aka sare kan sarkin, shi kuma aka yi masa ɗaurin talala: kada ya kuskura ya wuce mil biyar daga gidansa na Hallowcombe. To, ƙafa aka ɗaure, bakin kuwa ba wanda ya isa. Da masu sauraro suka ƙare sai ya koma wa raguna, yana cewa sun fi tsofaffin abokan aikinsa natsuwa.

Baƙon ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, sunana Kyaftin Fennick. Daga ƙetaren ruwa nake." Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Na zo da gaisuwar Piers."

Jawabin gishiri ya tsaya cak. Piers shi ne ɗansu tilo. Shekara huɗu ke nan da ya tsallaka teku ya bi ɗan marigayi sarki gudun hijira, yana zaune a birnin Bruges, kuma tun Kirsimeti ba a ji ɗuriyarsa ba. Sir Osbert ya kama hannun baƙon da hannu biyu ya ja shi cikin gida, yana ƙwala wa matarsa kira tun daga farfajiya.

Lady Lettice ta fito daga madafa tana share hannu a zani. Mace ce da ko ƙwai aka ba ta kyauta sai ta girgiza shi a kunne. Ba mai ganin laifinta a shekarun nan. Limamin cocinmu, mai haƙa masa kaburbura ne ya kai ƙararsa don ya karanta addu'a daga tsohon littafin da aka hana. Kowa ya koyi yin magana da rabin baki, ko da a gaban ƙanin babansa. Ta dubi baƙon daga hula zuwa takalmi, ta ce masa sannu da zuwa, gaisuwar da ba ta kai ciki ba.

Kyaftin ya farke ɗinkin hularsa ya zaro takarda. Sir Osbert ya karanta a fili.

"Baba, lokaci ya yi. Kafin rani ya shigo jirage za su sauka. Maigidanmu ɗan sarki yana son ya san su wa za su fito da doki da takobi a gundumarmu. Ka rubuta sunayensu da hannunka, ka buga hatiminka, ka ba Kyaftin Fennick. Ka amince da shi kamar yadda za ka amince da ni. A gaida Inna. An rubuta a Bruges, uku ga Maris."

Sunayen da ake nema goma sha ɗaya ne, kuma a kan Sir Osbert kaɗai suke tare. Ubana mai niƙan hatsi yana cikinsu. Shi ya sa har yau idan na zo wannan wuri a labarin sai na ji sanyi ya bi bayana, don duk wanda sunansa ya hau irin wannan takarda ta faɗa hannun hukuma, igiya ce makomarsa.

"Lettice, tawada da alƙalami!"

"Baƙo ya yi tafiya, Maigida. A ci abinci tukuna. Sunayen ba gudu za su yi ba. Ba ni in ga hannun ɗana."

Ta karɓi takardar ta je bakin taga. Ta daɗe a kanta fiye da yadda 'yan layukan nan suke bukata, sannan ta ninke ta saka a aljihun gaban rigarta.

Aka kawo naman rago da albasa, da burodi da cuku, da tulun giyar tuffa. Kyaftin ya iya cin abinci, ya kuma iya baki. Ya ce har a ƙetare ana maimaita jawabin da Sir Osbert ya yi a Majalisa a kan kuɗin jiragen ruwa. Tsohon ya kumbura kamar talotalo, ya fara maimaita jawabin daga farko. Ina ƙaunar mutumin nan, Allah ya sani, amma yabo kaɗan ya isa a kai shi kasuwa a sayar.

Lady Lettice ta bari sai da ya tsaya shan iska.

"Kyaftin, ya jikin nasa? Tarin nan ya sake shi?"

"Ya yi sauƙi, ranki ya daɗe. Ya dai ɗan faɗa. Kin san abincin mutanen can."

"Allah sarki. A gabanka ya rubuta?"

"Ina tsaye a kansa. Tawadar ba ta gama bushewa ba na kama hanya. Kwana takwas ke nan yau, iska ta yi mana kirki."

"Yau sha ɗaya. Wato ran uku ka baro su." Ta yanka cuku ta tura masa. "Su ma mutanen Bruges ɗin uku ga wata suka ce da ranar?"

Kyaftin ya yi dariya, bakinsa cike da nama.

"Haba, ranki ya daɗe. Ai uku ga Maris ko'ina uku ga Maris ne."

"Haka ne fa," in ji ta. "Tsufa ne." Ta miƙe ta karkaɗe rigarta. "Maigida, zo ka gani. Ɓera ya shiga ɗakin tuffa."

"Ɓera? Yanzu? Ina da baƙo!"

"Ƙato ne. Taso."

Shekara talatin da ɗaya suna tare, ya san wannan muryar. Ya tashi yana gunaguni ya bi ta.

Ɗakin tuffa ƙarami ne, babu taga sai wata 'yar kafa a sama, ga ƙamshin ragowar tuffan bara da suka fara yamushewa. Ta tura ƙofa ta jingina da ita, ta zaro takardar.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Na Piers mana. Kada ki fara, Lettice. Ke ko mala'ika ya sauko sai kin ce a duba fukafukansa."

"Nasa ne. Ni na koya masa riƙe alƙalami, ko a duhu na san hannunsa. Karanta mini layin ƙarshe."

"Uku ga Maris. To, me ya yi?"

"Ka tuna wasiƙarsa ta fari? Wadda muka yi ta dariya, na ce ɗana ya zama boka, takardarsa ta iso kafin ranar da aka rubuta ta?"

Ya tuna.

Abin da ya tuna, kowane ɗan kasuwa mai hulɗa da ƙetare ya san shi. Mutanen can sun daɗe da tsallake kwana goma a lissafinsu bisa umarnin Paparoma. Mu kuwa a Ingila muka ce ko kwanan wata ba za mu karɓa daga hannun Paparoma ba, muka zauna a kan tsohon lissafinmu. Saboda haka ranar da muke cewa uku, su sha uku suke cewa. Piers kuwa tun da ya sauka can ya ɗauki lissafinsu, bai taɓa rubuto wasiƙa da namu ba.

"Da a Bruges ya rubuta," in ji ta, "sha uku za ka gani a nan."

"Wataƙila kewar gida ce ta kama shi. Yaro ya tuna ƙasarsu, ya rubuta kwananmu. Laifi ne?"

"To shi wancan ƙaton da ke cinye mana cuku fa? Kana zaune ka ji shi. Wanda ya yi ko mako guda a can ya sha ruɗewa da kwanakin nan har ya gaji. Mutumin nan bai taɓa jin warin teku ba sai a gangar kifi." Muryarta ta karye a karo na farko. "A Ingila aka rubuta takardar nan, Baban Piers. Da hannunsa. Yaronmu yana ƙasar nan, yana wurin hukuma."

Sir Osbert ya nemi wurin zama bai samu ba, ya dafa katakon da ake jera tuffa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Sun kama shi," ya ce. "Sun sa masa wuƙa a wuya. Ya san ke ba abin da ke wuce ki, shi ne ya saka kwanan watanmu don ki gane. Yaron kirki. Jinina ne."

"Yana yiwuwa."

"Me kike nufi da yana yiwuwa?"

"Shekara huɗu yana yunwa a ƙasar mutane, Maigida. Wasu sun gaji sun dawo, an ba su riga da albashi, suna nuna gidajen da za a shiga. Wanda ya yi wata uku a London, kwanan London ne zai zo masa a alƙalami ba tare da ya lura ba."

"Rufe mini baki!"

Daga falo suna jin ƙarar wuƙa a kan faranti, baƙo yana ci gaba da harkarsa.

"Idan ban rubuta ba," ya ce a hankali, "me za su yi masa?"

"Idan ka rubuta, me za su yi wa mutum goma sha ɗaya?"

Ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙa hannu ta ba shi takardar, ya buɗe ƙofa.

Masu aikin gidan da suka laɓe a bayan ƙofar madafa sun ce ba su taɓa jin ya yi jawabi irin na ranar ba. Ya tsaya a gaban teburin cin abinci, hannu ɗaya a baya, kamar a zauren Majalisa. Ya ce shi talaka ne mai biyayya ga hukumar da Allah ya ɗora a kan ƙasa. Ya ce bai san kowa a gundumar nan da ke da takobi ba, sai dai lauje. Ya ce ɗazu farin cikin ganin rubutun yaro ne ya ruɗe shi, amma yanzu ya dawo hayyacinsa, kuma gobe da safe zai aika wa alƙali labarin cewa wani ya zo gidansa yana neman tayar da fitina. Duk wannan ƙarya ce, ya kuma shirya ta tsaf, ba gargada. Sai a jimlar ƙarshe harshensa ya yi nauyi.

"Wanda ya rubuta wannan kuwa, ka faɗa masa ni ba ni da ɗa."

Ya ajiye takardar kusa da farantin baƙon.

Kyaftin Fennick ya sha jinin jikinsa. Ya dubi tsohon, ya dubi matar da ke tsaye a bakin ƙofa, ya goge wuƙarsa da burodi ya mayar kube. Ladabin nan na ɗazu duk ya zube.

"Yallaɓai, ka sake tunani. Waɗanda suka aiko ni ba sa son a koma musu hannu rabbana. Mutumin da takardarsa ba ta kamo komai ba, ban san amfanin da zai ƙara yi musu ba."

"Yana ina?" Lady Lettice ce ta tambaya. Ba ta yi niyya ba, maganar ce ta kufce mata.

Ya sa hularsa, ya yi mata murmushi.

"A Bruges mana, ranki ya daɗe. Ba ga shi a rubuce ba?"

Suka tsaya a taga suna kallonsa har ya hau doki ya bi hanyar London. Ba hanyar teku ya bi ba, bai ma damu ya ɓoye ba.

Rana ta karkata. Ba wanda ya kwashe kwanukan, don masu aiki sun ji tsoron shigowa. Sir Osbert ya zauna a kujerarsa ta gaban murhu, ya tsufa da shekara goma tsakanin azahar da la'asar.

"Da gangan ya rubuta kwanan watan, Lettice," ya ce. "Ce mini da gangan ya yi."

Ta zauna a gefensa. Ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

"Idan da gangan ya yi, to a ɗaure yake, kuma yau muka gama masa aiki. Ba za su bar shi ya ga bikin Ista ba. Idan kuwa mantuwa ce, to nasu ne. Yana can yana cin abincinsu, za su yi masa faɗa su ba shi wani gidan ya gwada, ya rayu har ya yi furfura." Ta share ido da bayan hannu. "Ni ban sani ba. Kai ka zaɓi wanda kake so."

Can ya zame daga kujerar ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya haɗa hannuwa a kan kujerar ya kifa goshi. Ta ɗauka addu'ar da ya saba ce zai yi, ta Allah ya dawo da ɗan sarki kan gadon ubansa, wadda bai taɓa fashinta ba tun ranar da aka sare kan uban. Leɓɓansa suna motsi, sai da ta sunkuya sannan ta ji.

"Ya Ubangiji," yake cewa, "ka sa maci amana ne. Ka sa ya sayar da ni ne."

Lady Lettice ta durƙusa kusa da shi, ta ce amin.