Fitilar Ba Grema

Katangar da ke tsakaninmu da gidan Ba Grema tana da wani wuri da ya zaizaye, tsayinsa daidai ƙirjina. Ta nan muke miƙa wa juna kwano ni da matarsa, Ya Falmata, tun shekarar da na zo Diffa daga Damagaram, ban san kowa ba, ko gaisuwar Kanuri ban iya ba. Ita ta nuna mini inda ake sayen banda mai kyau, ita ta yi mini wankan jego da na haifi Nadiya. Kowace magariba kwanonta zai hauro, burabusko ko miyar kifi, an rufe da faifai, nawa kuma ya haura. Wanda duk ya ce uwata ce bai yi ƙarya ba.

Maigidana, Baban Nadiya, mutanen gari suna ce masa Laminu mai sola, don shi ke kafa wa masu gonakin tattasai injin ban ruwa a bakin kogin Komadugu. Mutum ne da ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, sai Allah ya jarabce shi da taurari. Wani abokin aikinsa da zai koma Yamai ya bar masa madubin hangen nesa, farin bututu mai ƙafa uku, shi kuma ya ɗaura masa kyamara a gindi. Daga ranar na daina ganin miji bayan isha'i. Da an sallame sai ya jingina tsani, ya haye saman ɗaki da kayansa.

Abin da yake farauta, in ji shi, wani tarin taurari ne can nesa da namu, wai Andiromeda, taurarin sun naɗe suna kewaya tsakiya guda. Ba a samunsa da hoto ɗaya. Sai an ɗauki hotuna rututu, kowanne baƙi ƙirin da ɗan ɗigo-ɗigo, a ɗora su bisa juna cikin kwamfuta, sannan abin ya fito a hankali. Ranar da ya nuna mini na farko, ce masa na yi ya goge gilashin, akwai datti. Bai yi dariya ba.

Da kaka wannan abu yana fitowa ne daga gabas maso arewa, wato ta saman gidan Ba Grema. Kaka kuwa a Diffa ba mai kwana cikin ɗaki sai marar lafiya, kowa tsakar gida yake ɗaura gidan sauro. Kuma kowa ya sani, namiji ba ya hawa saman ɗaki ko itace sai ya ɗaga murya ya sanar, don matan maƙwabta su kimtsa. Magina suna yi, masu gyaran waya suna yi. Nawa mijin, da ya san sunan taurarin da ko ido ba ya gani, shi a ganinsa dare ya yi, bai kamata ya dami mutane da kira ba. Sai ya riƙa hawa sululu, ba ko tari.

Kwanon Ya Falmata ne ya fara ɗaukewa. Na miƙa nawa, ƴarta ta karɓa ba ta dube ni ba, da safe aka dawo da shi a wanke. Na ce ƙila hidima ce ta yi musu yawa. Bayan kwana biyu sai ga wata fitilar sola an kafa a kan dogon ƙarfe cikin gidan Ba Grema, irin ta bakin titi, an karkato fuskarta saitin rufin ɗakinmu. Baban Nadiya ya sauko yana huci, wai hasken ya wanke masa sama tas, hotunan duk sun yi fari, aikin banza. Ya ce zai je ya roƙi Ba Grema ya ɗan juya ta. Ni kuwa gabana ya riga ya faɗi, don da rana na ga amalanke tana sauke bulo a ƙofar gidansu.

Washegari na sa hijabi na zagaya ta ƙofa, abin da na daɗe ban yi ba. Na tarar da Ya Falmata tana tsince tattasai a tabarma. Ta amsa gaisuwata yadda ake amsa wa baƙo, ba ta tura mini kujera ba. Na tambayi bulon, ta ce magini zai zo ranar Asabar ya ɗaga katanga, har da wurin nan namu. Na zauna a ƙasa na ce ba zan tashi ba sai na ji laifina.

Tana tsinta ta ce, "Haula, ni da ƴan matana cikin ɗaki muke kwana da wannan zafi. Mijinki me yake nema a tsakar gidana da bututu?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na rantse mata, na yi ta bayanin taurari, amma ina jin bakina na san ba abin da zai shiga kunne ba ne. Wa zai yarda a ce magidanci mai gemu yana hawa rufi cikin duhu, yana saita bututu saman gidan mutane, wai sama yake ɗauka? Ta ce ita ba ta zarge ni ba, amma katanga dai za a ɗaga.

Da Baban Nadiya ya dawo daga gonaki ban bari ya cire takalmi ba. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Sai ya zauna a kan jarkar ruwa ya riƙe kai. Ya ce wallahi bai taɓa duban ƙasa ba. Wannan kam na yarda, mutumin da ya taɓa wuce ni a kasuwa bai gane ni ba. Amma na ce masa ba ni zai gaya wa ba.

Da la'asar ya kinkimi bututun da kwamfutar ya nufi zauren Ba Grema. Yadda ya ba ni labari, tsohon ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi, ya dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi bai ga komai ba sai duhu, kuma hoto ai ana gogewa. Ya ce in gaskiya ne, shi zai hau da ƙafarsa ya gani.

Bayan isha'i Ba Grema ya shigo gidanmu da sallama, ya naɗe babbar rigarsa. Da ya dafa tsanin sai ya tsaya, ya gyara murya, ya kira yadda duk layin zai ji: "Za a hau sama! Maƙwabta, za a hau sama!" Ya maimaita da Kanuri, ya jira har aka amsa daga gidaje biyu, sannan ya taka. Baban Nadiya yana bayansa, kansa a sunkuye.

Ni na je na tsaya a wurin katangar da ya zaizaye. Ya Falmata tana ɗaya gefen, na ji ƙamshin turarenta. Muryoyinsu muke saurare. Na ji Baban Nadiya yana nuna masa cewa bututun ko katangar kusa ba ya gani, sai abin da ke nesa ƙwarai. Sai muryar Ba Grema, a hankali: "Na ji bututunka ba ya gani. Amma kai, Laminu, kana da ido. Dubi can, har tulun ruwana ga shi."

Baban Nadiya bai kare kansa ba. Ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. A raina na ce Allah ya yi maka albarka, yau ka yi magana ɗaya mai amfani.

Ba Grema ya ce to ina abin da ake wannan wahala dominsa. Aka ce masa hasken fitila ya rufe shi. Sai ya leƙo ya ce wa Ya Falmata ta kashe. Na ji takunta ta tafi, gidan ya yi duhu ɗif, ta dawo ta tsaya inda take. Taurari suka fito birjik, har ni na ɗaga kai. Muka daɗe a tsaye, sauro yana cinmu, muna jin tsohon can sama yana tasbihi ƙasa-ƙasa.

Da suka sauko Ba Grema ne ke riƙe da kwamfutar da hannu biyu. Ya kawo ta bakin katanga ya juya wa matarsa. An ɗora hotunan daren bisa juna, ni ma sai a lokacin na gani sosai: tsakiya mai haske, da zobba suna naɗe da ita, abin ya ɗan kishingiɗa gefe guda. Ya ce mata duk wannan taurari ne, ba su ƙirguwa. Ya Falmata ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai faifai ne," ta ce. "Wanda aka jingina a bango."

Ni kuwa "sai da safe" kawai ta ce mini. Na kwanta ban san matsayina ba, don bulo yana nan a jibge, Asabar kuma ta kusa.

Asabar ta zo, magini ya zo. Ina ɗaki ina jin ƙarar cebur, na kasa fitowa, na kasa cin abinci. Sai da azahar na yi ta maza na leƙa. Wurinmu yana nan yadda yake. Can ƙarshen gidansu na hango maginin yana ja wa awakin Ya Falmata garke. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, sai na ji hawaye, ban hana su ba.

Da magariba ina kwashe tuwo aka ƙwanƙwasa katanga da cokali. Kwano ne, da zafinsa, an rufe da sabon faifai. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Ta riƙe gefen kwanon ba ta saki ba, ta ce in gaya wa mijina in zai hau ya buɗe baki sosai, Ba Grema ba ya ji da kunnen hagu.

Bayan isha'i Baban Nadiya ya dafa tsani ya kira, da wata murya da ban san yana da ita ba, har Nadiya ta farka. Daga can aka amsa masa, a hau lafiya. Sai fitilar ta mutu.