Kudu da Ɗakin Sukumaran

Sarojam ta sami maƙwabcinta Sukumaran durƙushe a kudancin gidansa, yana jan buhun yashi da hannu bibbiyu, zanin ƙugunsa ya jiƙe sharkaf. Ta ajiye kwanon kunun shinkafar da ta kawo a kan dakali.

"Suku-cetta, wai mutuwar ce ka ga ta yi maka nawa, shi ne ka fito tarar ta?" Cetta take ce masa, wato yaya.

"Kama min can," in ji tsohon, muryarsa a shaƙe. Tun da ciwon nan ya kama masa maƙogwaro, maganarsa ta koma kamar ana goga ɓawon kwakwa a dutse. "Surutu kika zo yi ko taimako?"

Ta kama. Suka ja buhun zuwa gindin bishiyar kwakwar, suka jingina shi da 'yan uwansa da ya riga ya jera. Bayan buhunan da ɗan taki teku ce, tana tahowa baƙa ƙirin da yashin da take ɗauke da shi, ta lashi ƙasa ta koma. Saiwoyin bishiyar na ɓangaren ruwa duk sun fito fili.

Bishiyar Kamalam ce, matarsa da ta rasu. A wannan zirin ƙasa da ke tsakanin teku da kogi ba a kai mamaci ko'ina. A kudu da ɗakinsa ake ƙone shi, da itacen mangwaron gidansa, in toka ta huce a dasa kwakwa a gurbin. Sarojam da kanta ta zuba wa wannan bishiyar ruwan farko, lokacin da tsakanin gidan da teku akwai layin gidaje, da filin shanya koma, da shagon bammi.

"Nan ne nawa," in ji shi, yana nuna gefen bishiyar da babban yatsan ƙafa. "Kin ji ko? Nan."

"Na ji tun bara. Zo ka sha kunu."

Ya sha kaɗan ya ture kwanon. Daga arewa ana jin rurin katafilar kamfani tana kwasar bakin teku, tifofi na jiran layi. Baƙin yashin suke so. Su kai shi masana'anta, su tace abin da ke ciki, su zubar da farin da ya rage tsibi-tsibi a bayan katanga. Maƙwabta sun sayar wa kamfanin filayensu ɗaya bayan ɗaya sun ƙetare kogi. Gidaje biyu suka rage da hayaƙin girki a wannan gefen, nasa da nata.

"Kin san rabin garin nan a kaina ya tafi?" ya ce. "Kwando-kwando. Ni da Kamalam, tun kafin a kawo motocin nan. An ce fenti ake yi da shi, da jirgin sama, da abin cikin wayar da ɗanki ke dannawa. Wanda ke son ya gaida kakana sai ya je ya shafa bangon wani mai kuɗi a ƙasar waje."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Sarojam ta dafa masa baya har ya lafa. Ɗanta Sabu tifar kamfanin yake tuƙawa, da ita ake cin shinkafa a gidanta.

Da rana Ambili ta iso, 'yarsa tilo, daga birnin da take aure. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Baba, na zo da mota, tana ƙetaren kogi. Tashi."

"Ki gaishe ta."

"Baba!"

"A gidan naki na sama, ina kudu? A kan baranda za ki ƙone ni, kusa da shanyar maƙwabta?"

"Wa ya yi maganar ƙonewa? Asibiti za mu je."

"Daga asibiti sai ina? Sai murhun gas na hukuma. A tura ni ciki kamar burodi, a miƙo miki ni a gwangwani."

Ambili ta juya wajen Sarojam, idonta ya kawo ruwa. "Inna, ke yake ji. Yi masa magana mana."

"Ni? Tun da aka kawo ni unguwar nan ina amarya nake yi masa magana, ko kifi bai taɓa saya a inda na ce ba."

Ambili ba ta tafi ba. Ta sallami motar, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadonsa. A ƙarƙashin gadon ta ga wata kwakwa da ta tsiro, koren kai kamar tsinin mashi, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ta tambaya, ya ce ta uwarta ce, daga bishiyar ta faɗo, ya ajiye ta saboda ranar da za a dasa tasa. Ta mayar da ita a hankali, ta fita waje ta daɗe.

Damina ta kankama. Sukumaran ya daina tashi, kunun ma sai a jiƙa masa leɓe da shi. Kullum Sarojam ta zo da safe, kafin ta shiga ɗakin, sai ta zagaya kudu ta duba. Buhunan sun fara ɓacewa. Wasu teku ta yaga su, wasu ta tafi da su ɗungurungum.

Wata safiya ta zagaya ta tarar da bishiyar kwance. Kanta yana cikin ruwa, igiyar ruwa na wasa da ganyen, saiwoyin sun ɗaga sama da baƙin yashi maƙale a jikinsu. Inda gindin yake ya zama rami cike da kumfa.

Ta daɗe a tsaye kafin ta shiga. Ambili ta ɗago ta girgiza mata kai, alamar kada ta faɗa.

"Sarojam," in ji shi, idonsa a rufe.

"Ga ni, Cetta."

"Na daina jin ganyenta."

Ta zauna a bakin gadon. Ruwan sama na dukan kwanon rufi, ta bar shi ya yi ta duka.

"Ta riga ni kuma," ya ce. "Haka take. Ko haikali za mu je, sai ta bar ni ina neman takalmi." Ya ja numfashi da ƙyar. "Wurina fa?"

"Wurinka na nan."

"Kada ki yi min wayo, 'yar mai kifi."

"Na ce yana nan. A nan za a yi, ni na faɗa maka."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya mayar ya rufe. Bai sake magana mai tsawo ba. Da hantsin wata rana, Ambili na goge masa fuska, ya tafi.

Mutanen da suka ƙetare kogi suka dawo cikin kwale-kwale, da lema da fararen zannuwa. Maza suka sare mangwaron gidan, wanda gishiri ya riga ya busar da shi a tsaye. Sai suka zagaya kudu da fatanya suka yi cirko-cirko. Abin da ya rage na wurin bai fi shimfiɗar tabarma ba, kuma duk inda aka sara, ruwan gishiri ke bulbulowa.

"Nan wuta ba za ta ci ba," in ji wani dattijo. "A kira motar gawa kawai. Shi ma da ya ga wurin nan da idonsa, da ya haƙura."

"A yi a arewa mana, ga tudu can," in ji wani.

"Arewa? Kai a gidanku haka ake yi?"

Ambili na zaune a dakali, ta rufe fuska da gefen zani. Sarojam ta ratsa mutane ta sami Sabu a bakin hanya, da rigar kamfani a jikinsa, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ina motarka?"

"Inna, ina kan aiki. Leƙowa kawai na yi."

"Farin yashin da kuke zubarwa a bayan katanga, na wa ne?"

"Ba na kowa ba. Shara ce, an cire komai a ciki."

"Je ka ciko. Ka yi sawu biyu in ɗaya bai isa ba."

"In shugabanmu ya gan ni fa?"

"Ka ce masa Sukumaran ne ya aiko a dawo masa da kaɗan daga abin da ya kai."

Sabu ya dubi uwarsa, ya dubi gidan, ya tafi.

Da azahar tifar ta dawo da baya da baya ta cikin kangwayen maƙwabta, ta ɗaga bayanta ta juye a kudancin gidan. Yashin ya zubo fari tas, mai laushi kamar gari, irin wanda ba a taɓa gani a bakin tekun nan ba. Maza suka baje shi, suka tattake, har ya yi tudu zuwa gwiwa. A kai aka jera itacen mangwaro da ɓawon kwakwa. Da yake ba shi da ɗa namiji, Ambili ce ta sa wutar, Sabu na riƙe mata lema. Wutar ta yi gardama, sannan ta kama. Hayaƙin ya kwanta wajen kogi.

Bayan an kwashe ƙasusuwa an kai teku, Ambili ta ɗauko kwakwar ƙarƙashin gado. Sarojam ta tona rami da hannu. Yashin ba ya riƙe kansa, tana tonawa yana komawa. Suka dasa ta haka nan, suka zuba mata ruwan famfo.

"Za ta kama, Inna?"

"Mun dai dasa."

Ambili ta kulle ɗakin ta bar mata makulli. Ba a daɗe ba Sabu ya fara maganar wani ɗakin haya a ƙetaren kogi, wai ruwa ya fara taɓa bangon bayan gidansu. Sarojam ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kullum da safe takan ɗauki butar ruwa ta zagaya kudu, kamar yadda take kai kunu a da. Farin tudun yana raguwa ta gefen teku, baƙin yashi na hawa kansa.

Ran da ta zo ba ta tarar da tudun ba, teku ta yi lif, ko iska babu. Ruwa ya kai har gindin bangon ɗakin. Can ta hango kwakwar a bakin kumfa, igiyar ruwa ta turo ta, ta janye ta, ta sake turowa, koren kan yana juyawa sama da ƙasa.

Sarojam ta tattare zani ta shiga har gwiwa ta kamo ta. Ta fito ta tsaya da ita a ƙugu, ta dubi bangon, ta dubi ruwan da ke kudu da shi. Ta zagaya gidan gaba ɗaya a hankali, ta dawo inda ta fara.

Daga ƙarshe ta hau dakali ta ajiye ta a kujerar Sukumaran, ta juya tsiron ya fuskanci kudu. Ta karkata butar, tana wanke mata gishiri kaɗan-kaɗan. A bakin hanya wata tifa ta wuce cike da baƙin yashi, ruwa na ɗiga daga bayanta.