Firjin da Ya Bi Odita

"Ku ɗaga ta can! Kai, a hankali mana, in ya fashe ubanka ne zai biya?"

Leburori biyu suka shigo da firjin ɗakin rigakafi suna nishi, Oga Sito na biye da su yana fifita da hularsa. Shi ke kula da kayan ƙananan asibitocin yankin baki ɗaya. Sista, shugabar wannan asibitin, ta tsaya a bakin ƙofa da hannu harɗe a ƙirji. Ta san firjin nan kamar yunwar cikinta. Duk ranar da aka ce manya za su zo duba aiki, sai ya sauka da safe a bayan akori-kura, ya sha hoto, la'asar na yi a sake loda shi. Ma'aikata har suna suka raɗa masa: Baƙo.

A takarda kuwa, kowane asibiti an ba shi nasa tun bara. A zahiri, Sista kullum sai ta mayar da mata masu goyo, ta ce su tafi babban asibiti, domin allura ba ta kwana inda babu sanyi.

"Sista, saki fuska. Odita ce za ta zo, ba Mala'ikan mutuwa ba. In ta tambaya, naku ne, tun bara yake nan."

"Ranka ya daɗe, ƙarya fa ke nan."

"Sunan wa ke kan takardar karɓa, nawa ko naki?" Ya yi murmushi. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Sista ta juya maganar a ranta. In ta ce nasu ne, gobe a zo a tarar babu, ita ce ɓarauniya. In ta faɗi gaskiya, aikin da take riƙe marayunta da shi ya tafi. Ko da safen nan, mahaifiyarta ta tare ta a ƙofar ɗaki: "Ki ce to, 'yar nan. Wuƙa da nama na hannunsu. Haka ake yi, haka muka tarar." Haka ake yi! Kalmar da ta fi ɓarayin kansu cinye ƙasa.

* * *

Odita, mai binciken kuɗi da kayan gwamnati, gajeriyar mace ce mai ɗan tabarau, takalminta duk ya ci hanya. Oga Sito ya miƙa mata lemo, ta ce ta gode, ta ƙoshi. Ba ta zauna ba. Ta wuce kai tsaye ta buɗe firjin, ta durƙusa, ta jawo aljihunsa na ƙasa.

"Ikon Allah!" ta ce. "Ga robar ruwana!"

Ta ɗago wata roba rabi da ruwa, an ɗaura mata baƙin zare a wuya.

"Jiya na bar ta a cikin firjin asibitin da ke ƙetaren gada. Ashe ta biyo ni. Ko firjin ne ya biyo ni, Malam?"

Wani lebura ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

"Hajiya, ai robobi kama suke yi..."

"Gaskiya ne. Ku juya min shi."

Aka juya. Ta haska lambar da masana'anta suka buga a bayansa, ta fito da hoton da ta ɗauka jiya a wayarta, ta ɗora kusa da ita. Ba harafi ɗaya da ya bambanta. Zufa ta karyo wa Oga Sito, hular ma ta daina fifita.

Odita ta sa ya jira a waje, sannan ta dubi Sista. "Ƙanwata, ba wadda aka tursasa ta sa hannu nake nema ba. Wanda ya sayi ɗaya ya ce ya sayi tuli nake nema. Tun yaushe firjin nan yake zuwa muku yawo?"

Sista ta buɗe baki, maganar shekara guda ta zubo.

"Abin da na gani da abin da na ji zan rubuta," in ji Odita. "Firjin kuma daga yau ba inda za shi. A jona shi."

* * *

Rahoton ya yi tafiyarsa. Aka dakatar da Oga Sito da na samansa, aka wanke Sista, sauran asibitoci suka fara karɓar nasu.

Ranar da aka buɗe rigakafi, layi ya kai har bakin titi. Jarirai na tsala ihu, iyaye na lallashi suna tsokanar juna, Sista na ta aiki tana jin kanta sakayau kamar an sauke mata dutse. Da ta ɗago neman ta gaba, sai ta hango wata mata a waje, jikin taga, ɗaya daga cikin masu goyon da ta sha mayarwa. Ba ta cikin layi, bayanta babu goyo, amma majanyi na ɗaure a ƙugunta.

"Baiwar Allah, ina yaron?"

"A'a, Sista, ci gaba da aikinki," ta ce a hankali. "Na ji an ce firjin ya zo ne. Na zo in gani."