Ranar da Na Kai Ƙarar Sanyi

Jiya bayan azahar na kishingiɗa da hulata a kai, da safa biyu a kowace ƙafa, sai na yi wani mafarki.

Wai ga ni a gidan hayar nan na ƙasar Turawa inda autata Sa'ade take zaune da mijinta, inda muka zo ni da uwarta Tasalla saboda haihuwa. Komai yana nan yadda na bar shi a farke. Sa'ade tana kwana na goma sha uku da haihuwa, amma wankan jego na kirki sau huɗu kacal ta samu. Jaririn, takwarana Mamuda, yana naɗe cikin bargo yana wani ɗan tari da ba na son ji. Mijin yana kan hanya da babbar mota, sai sati ya zagayo ake ganinsa. Abu ɗaya ne ya sauya: hitar ɗumama gida da ke jikin bango ta zama saniya. Farar saniya ce ta ƙarfe, tana kwance, haƙarƙarinta duk a waje. In ta ga dama ta yi numfashi, ɗaki ya ɗumama, famfo ya kawo ruwan zafi. In ba ta ga dama ba, ta juya mana baya kwana biyu. Na lura ba ta numfashi da ƙarfi sai ta ji takun baƙo a matakala.

Tasalla ta miƙo mini ƙwarya, ta ce in ɗebi sanyin ɗakin in kai wa hukuma, tunda ni ne namijin da ke gida. Na ɗiba, na rufe da faifai, na fita.

A waje ƙanƙara tana tashi daga ƙasa tana komawa sama, mutane sun kife laimominsu suna tafiya a ciki. Ban yi mamaki ba. Shekara talatin na yi ina fataucin albasa daga Aliyaro zuwa Abijan, na ga iyakokin da ta ƙofar fita ake shigarsu.

Sai ga ni a Ofishin Ɗumin 'Yan Haya. Tumaki ne ma'aikatan, irin na can masu gashi kamar katifa, waɗanda tun da aka haife su ba su san sanyi ba. An rubuta doka a bango, kuma ni da ban wuce allo ba sai na ga ina karanta boko tar. Wai duk wanda ya ba da gida haya, ya ba da shi ne da ɗuminsa da ruwan zafinsa. In ɗumi ya ɗauke, gyara a wuyan mai gida yake, cikin kwana uku, kuma ba a korar ɗan haya don ya koka. Sharaɗi ɗaya ne: sai ɗan hayan ya faɗa da bakinsa. Na ce a raina, to ai an gama. Ni da na ja da 'yan kwastan na ƙasa biyar.

Tunkiyar da ke tebur ta ɗaga kai.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Yaya sanyi?"

"Alhamdu lillahi, lokacinsa ne."

"Yaya mai jego?"

"Lafiya lau."

Ta buga hatimi, ta ce babu ƙara, na gaba ya matso. Na ce ta dakata, ai gaisawa muke yi, ban ma fara magana ba. Ta ce a ofishin nan gaisuwar ita ce maganar, abin da ya biyo baya hira ce, su kuma ba sa rubuta hira. Ta ce in sake bin layi.

Layin da baya yake tafiya, don haka duk wanda ya daɗe ya fi nisa. Ina tsaye wata tsohuwar Baturiya ta shigo, ko sallama babu, ta daki tebur ta ce ɗakinta ya fi kabari sanyi. Nan take aka naɗe mata ɗumi a takarda kamar burodi, ta saka a hammata ta wuce. Na ce a raina wannan ba ta samu tarbiyya ba. Amma sai da na bi burodin da kallo har ta fita.

Da na sake isa tebur, rago na tarar. Na yi dabara, kafin ya buɗe baki na buɗe ƙwarya. Ashe zafin ofishin ya narkar da sanyin, ya zama ruwa. Ragon ya shanye, ya lashe baki, ya ce shaidata ta yi daɗi sai dai da ɗan ɗumi-ɗumi. Sannan ya tambaye ni gajiya. Na ce ba gajiya. Ya buga hatimi.

Sai ga mu a gida. Kotu ta zauna a banɗaki, alƙalin wani tsohon rago ne, yana cikin bahon wankan da Sa'ade ba ta samun cikawa. Saniyar nan ta ji baƙi, sai huci take, tagogi har gumi suke yi. Aka kira Yahuza, ejan ɗin mai gidan, wato wakilinsa. Ɗan Zangon Kumasi ne, Hausa a bakinsa kamar ta gida, kuma a farke ma duk zuwan da zai yi sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Yanzu ma ya durƙusa. Ya ce shi bai taɓa ƙin gyara ba, ba a dai taɓa gaya masa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da "lafiya lau" guda shida, ya jera su a bakin baho. Na duba. Nawa ne, kowanne da tambarin babban yatsana.

Na ce a yi mini adalci. Mutum ya durƙusa ya ce maka Baba, ya tambaye ka iyali, me za ka ce masa? Ranar da rumbunmu ya ƙone ƙurmus ina yaro, maƙwabci ya gaida mahaifina, shi kuwa mahaifin nawa yana tsaye cikin toka ya ce lafiya lau. Haka aka koya mana. Sai an zauna, an sha ruwa, sannan a kewayo kan magana. Shi kuwa Yahuza bai taɓa zama ba, kullum motarsa a kunne take.

Alƙali ya ce duk wannan hira ce.

Daga cikin bargo takwarana ya leƙo, ya yi magana da muryar dattijo.

"Takwara, ni ba a koya mini gaisuwa ba tukuna. Shi ya sa in na ji sanyi nake kuka."

Ya yi tari, ya koma ciki.

Alƙali ya ce za a ba ni dama ta ƙarshe, daga ita an rufe magana sai bazara. Ya gyara zama a baho, ya sassauta murya irin ta mutumin kirki.

"Alhaji, yaya sanyi?"

Na ji alhamdu lillahi tana hawowa da kanta, ta san hanya. Na datse haƙora na tare ta. Akwai wani abu a ƙarƙashinta, mai nauyi, ya fi shekara saba'in a ƙirjina. Na zura hannu har gwiwa na jawo shi. Ya faɗo ƙasa tim, dunƙulen ƙanƙara kamar dutsen niƙa, a cikinsa an rubuta: ba lafiya ba, jikana yana jin sanyi.

Tumakin duka suka miƙe tsaye. Kunya ta kama ni kamar na tuɓe a kasuwa. Alƙali ya zagaya dunƙulen, ya shinshina, ya ce shaida ta karɓu, saura a auna ta. Mai sikelin ya fita cin ciyawa, yanzu zai dawo.

Saniyar ta taso daga bango, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zo ta kwanta kusa da shaidata tana hura mata numfashi. Na rufe shaidar da babbar rigata. Duk da haka ta fara narkewa, ta koma kamar tulu. Ta koma kamar albasa, irin wadda ko a gyara ba na bayarwa. Ina riƙe da ita a tafin hannu, ina kallon ƙofa, ruwa yana ɗiga ta tsakanin yatsuna, ɗis, ɗis, ƙas, ƙas.

Na buɗe ido. Bututun hita ne yake ƙas-ƙas, ya farka bayan kwana biyu, na kuwa san abin da hakan ke nufi tun kafin ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Na yunƙura ina laluben takalmi. Tasalla ta fito daga ɗakin mai jego da butar dafa ruwa a hannu, ta dube ni sau ɗaya.

"Yahuza ne. Yi kwanciyarka, Alhaji. Yau ni zan amsa gaisuwar."

Na koma na kwanta, na ja bargo har kan bakina.