Rami a Gonar Settimio

A garin su Palmira ba a haƙa rami mai zurfi. Ko rijiya mutum zai tona sai ya yi ta addu'a kada digarsa ta bugi wani abu, don tsaunukan nan cike suke da gidajen matattu. Mutanen da suka riga Rumawa zama a wurin sun sassaƙa wa mamatansu ɗakuna a cikin dutse, Rumawa suka zo suka yi gini a kai, na bayansu suka dasa zaitun a kan duka. In ka ci karo da irin ɗakin nan, labari kuma ya kai kunnen ma'aikatan kayan tarihi, to shi ke nan, sai su zagaye gonarka da waya su ce za su dawo. Maƙwabcinsu Oreste tun kansa na baƙi wuluk aka ce masa za a dawo. Yau ga shi da furfura, yana leƙen itatuwansa ta bayan waya kamar ɓarawo.

Saboda haka kowa ya san abin yi. Ka jera katako a bakin ramin, ka zuba ƙasa, ka ja bakinka ka yi shiru. Ba a sa alama, don alama ce ke tona asiri. Mata ma ba a gaya musu, wai bakinsu ba ya riƙe magana. Ji fa! Su mazan da ke wuni a shagon kofi suna surutu.

Ranar da abin ya faru lokacin tsinkar zaitun ne, an yi kwanaki ana tafka ruwa. Sun shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa, Palmira na durƙushe tana tsince ganye daga cikin 'ya'yan, mijinta Evaristo ya taho da buhu a kafaɗa yana tsokanarta.

"Ke da wannan sanyin jikin naki, sai Kirsimeti mu gama."

Ta ɗago kai za ta rama, ba ta gan shi ba. Ragar ce kawai take zamewa tana shigewa ƙasa, 'ya'yan zaitun na gangarawa suna bin ta. Sai daga baya ta ji ƙarar faɗuwar, can ƙasa, da nisa.

Ta ƙwalla ihu. Surukinta Settimio, uban Evaristo, ya diro daga kan tsani, tsoho ne amma ya riga ta isa wurin. Ya leƙa, ya ga guntayen ruɓaɓɓen katako, fuskarsa ta canza. Shi da ɗan nasa suka rufe ramin nan a shekarun baya, har su kansu sun manta daidai inda yake.

"Rufe mini baki!" ya ce. "So kike duk tudun nan su ji?"

Ta kwanta rub da ciki a bakin ramin. Wani sanyi mai wari ya bugi fuskarta. "Evaristo! Evaristo, yi magana!"

"Ina nan." Muryar ta fito kamar daga cikin tulu. "Dutse ya danne mini ƙafa. Baba, akwai mutane a nan. Suna kwance a kan gadajen dutse, ɗaya ma yana kallona."

Tsigar jikin Palmira ta tashi. Ta yi alamar gicciye. Sai kuma ta ji wata ƙara da ta fi maganar matattun ba ta tsoro. Ruwan da ya taru a gangaren ya sami hanya, yana tsiyaya cikin ramin ba tsayawa.

Suka zura tsani, ko kusa bai kai ba.

"Baba, a kira 'yan kwana-kwana," ta ce.

"A kira wa? Su zo da 'yan sanda, 'yan sanda su zo da masu zagaye gona da waya? Gonar nan kakana ya kwashe duwatsunta da hannunsa. Me za mu ci, ƙasusuwan waɗancan?"

"Baba, ɗanka ne fa a ciki!"

"Na san ɗana ne, ni na haife shi. Igiya da alfadari sun isa."

Daga ƙasa Evaristo ya ɗaga murya. "Baba ya yi gaskiya, Palmira. Kada ki kira kowa, kin ji ko?"

Tsohon ya dube ta, ya juya ya nufi gida da gudu-gudu don ɗauko alfadari. Palmira ta zauna tana kuka, tana jin haushin su duka biyun, uban da ɗan. Da takun tsohon ya yi nisa sai ta ji an kira sunanta a hankali.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ruwan ya kai mini ciki. Ba na jin ƙafar ma yanzu." Ta ji haƙoransa na haɗuwa. "Palmira, tsoro nake ji. Ki je ki kira su. Amma don Allah kada Baba ya san ni na ce. Ba zai ƙara duban fuskata ba."

Ba ta san lokacin da ta yar da takalmanta ba. Ta bi hanyar dutsen da ta hau zuwa gari, tana faɗuwa tana tashi, tana ta kiran sunan Maryamu. A duk garin tarho ɗaya ne, yana shagon kofin Tullio. Ta faɗa ciki jiƙe sharkaf, maza na zaune suna karta.

"Evaristo ya faɗa rami! Ba ni tarho!"

Mazan suka ajiye kartar. Ba wanda ya tambaye ta wane irin rami. Tullio ya ɗora tafin hannunsa a kan tarhon.

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Bari mu je mu da kanmu. Kin san mutanen nan in suka shigo gona ɗaya sai sun tone ta kusa da ita."

"Ɗauke hannunka, Tullio."

"Haba Palmira, ki yi tunani..."

"Na rantse da Uwar Yesu, in mijina ya mutu sai na kai ma'aikatan bayan rumbun inabinka da kaina! Kai ma Fulvio, ƙarƙashin ɗakin aladunka! Kuna tsammani ba mu sani ba? Wa ke wanke muku wanduna?"

Gaskiya ta faɗa. A wurin wanki mata sun daɗe da gama lissafin ramin kowa, nata ne kaɗai ba wadda ta iya gaya mata. Tullio ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

Ko da ta koma, Settimio ya riga ya ɗaura igiya a jikin alfadari yana ja. Tun daga nesa ta ji ƙarar Evaristo, irin wadda ba ta taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba. Gefen ramin ya zube, ƙasa ta rufta ciki, igiyar ta fito ba kowa. Ta sake kwanciya a bakin ramin tana kiransa. Ba amsa, sai ƙarar ruwa. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun suna saurayi da budurwa, nan ma shiru. Tsohon ya tsaya da igiya a hannu.

Tana nan kwance motar 'yan kwana-kwana ta hawo tudun, ta 'yan sanda na biye. Suka janye ta da ƙarfi, suka shimfiɗa alluna, suka zura injin zuƙe ruwa, mutum biyu suka sauka da fitila. Palmira ta toshe kunnuwanta don kada ta ji abin da za su faɗo daga ƙasa.

Da rai suka fito da shi. Jikinsa duk laka, leɓensa ya yi shuɗi, ƙafar kuwa ba ta kalluwa, amma yana numfashi. Ta kama hannunsa, ya matse nata.

Wani ɗan sanda ya haska ramin, ya yi fito, ya ce wa abokinsa, "Kai, har da zane a bango. Kada kowa ya ƙara taka wurin nan, sai ma'aikatan kayan tarihi sun zo."

Settimio ya ji. Ya tako a hankali har inda aka kwantar da ɗansa, idanunsa jajur. Bai dubi ɗan ba, Palmira ya duba.

"Mijinki da bakinsa ya hana ki, ina tsaye. Wa ya aike ki? Wa ya ce ki kashe mana gona?"

Palmira ta dubi Evaristo. Idanunsa a buɗe suke, ya ji tambayar sarai. Tana kallonsa ya lumshe su, ya juya fuskarsa gefe, hannunsa dai na riƙe da nata.

"Ba wanda ya aike ni, Baba," ta ce. "Ni na yi."