Takarda Ta Biyu a Jikin Firij

Mijina Tipene ya baje taswira, yana ƙirga rafukan da zai tsallaka kafin ya kai tafkin kifin da ke can saman duwatsu.

"Rafi nawa, Baban Anahera?" na tambaya.

"Huɗu kacal. Ke dai kin cika tsoro."

"An ce ruwan sama na tafe fa! Kifin kasuwa ya ƙare ne?"

Ya yi dariya, ya rubuta takardar da masu hawan dutse ke bari a gida: in ban dawo ran Laraba ba, a kira masu ceto. Ya je zai manna ta a firij, sai hannunsa ya tsaya. Takardar ƙanensa Rawiri na nan tun bara da ya tafi bai dawo ba, an rasa mai iya cire ta. Ita ma Laraba ta ce.